Tsarin "tafiyar iyali" zuwa Alƙahira: yadda ya kaya mana da ɗan shekara 15 da 'yar shekara 13

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Wuse II, Abuja, ne ya haɗa mana tafiyar, kuma a ɓangaren takardu ba ni da ta cewa. Duk wanda ya taɓa nema wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 fasfo ya san aikin: lambar NIN, takardar haihuwa, wasiƙar amincewar iyaye. Ga kuma katin allurar shawara, wadda sai ta kwana 10 a jiki kafin a amince da ita. Wata ma'aikaciyarsu ta dinga bibiyarmu ta waya har aka kammala, biza ta fito kan lokaci, muka tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba tare da an tsayar da mu kan ko takarda ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin nasu bai san da yara masu tasowa ba. Wajen biyan kuɗi manya ne, domin daga shekara 12 kuɗin babba ake biya a jirgi. Wajen shiri kuwa ba wanda ya tuna da su. Mun isa otal da dare, sai muka tarar ɗaki ɗaya namu, ɗaya na "yara", a wani hawa daban. Saurayi da budurwa a ɗaki guda, a ƙasar da ba su san kowa ba! Uwargida ta ce atafau, muka raba: ni da yaron, ita da 'yarta. Mutanen da suka riƙe fasfon yaran nan, suka ga shekarunsu, kuma su ma Musulmi ne da suka san hukuncin raba makwanci, bai kamata sai mun faɗa musu ba.

Ranar da muka je Giza, inda manyan dalar fir'aunoni suke, ita ce ta fanshe su, kuma jagoran da suka haɗa mu da shi ne ya yi aikin. Bai tsaya karanto mana tarihi ba, yaran ya fuskanta. Ya sa su tsaya jikin dutse guda na ƙasan babbar dala su gwada tsayinsu, sannan ya ce su ƙiyasta yadda aka ɗora irinsa har tsayin mita 146, shekara wajen 4,500 da suka wuce. Gardama ta kaure tsakanin wa da ƙanwa, har aka manta da waya. Shiga cikin dalar tikitinsa daban, ba ya cikin kuɗin da muka biya, amma na saya wa ni da yaron. Hanya ce ƙunci, a sunkuye ake hawa, ga zafi ga numfashin mutane, ƙarshenta ɗaki guda da akwatin dutse babu komai a ciki. Ni na fito da ciwon gwiwa, shi kuwa har yau labarin yake ba abokansa. Masu raƙuma dai ku yi hattara da su: a yanke farashin hawa da na sauka tun ƙafa tana ƙasa.

Gidan tarihin da ke unguwar Fustat, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyin tsohuwar Masar 22 a watan Afrilun 2021, shi ya fi taɓa yarinyar. A zauren gawawwakin an hana ɗaukar hoto, kowa a hankali yake magana. Ta daɗe a kan Ramsis na Biyu, tana kallon gashin kansa da ƙasusuwan hannunsa, sai ta raɗa mini: "Abba, wannan fa da mutane rawar jiki suke yi a gabansa." Minti kaɗan aka ware wa wurin a jadawalin kamfanin, alhali an ba shagon turare da na fafirus (takardar Misirawan da) kusan rabin yini. Kowa ya san dalili, akwai la'ada a ciki. Yaro mai shekara 15 ba zai zauna ana shinshina masa kwalabe har la'asar ba, fuska ta murtuke, sauran yinin ya lalace.

Azhar ma a tsaitsaye aka so mu yi ta. Na ce a'a, a nan za mu yi Azahar. Masallacin da aka aza harsashinsa a 970, kuma tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗalibansu masauki a birnin nan. A harabar muka ji Hausa tana tashi, ɗalibai ne 'yan gida, suka zauna da yaron suna ba shi labarin karatu da tsadar haya. Hirar nan ta fi duk wa'azin da na taɓa yi masa kan makaranta tasiri.

Abinci bai ba mu wahala ba. Koshari, wato shinkafa da taliya da wake-wake da soyayyiyar albasa, ya karɓe su, amma a tafi da yaji daga gida. Layin waya kuma a saya wa kowane yaro nasa tun a filin jirgi, domin kasuwar Khan el-Khalili lunguna ce masu kama da juna, kafin ka waiga yaro ya bi wani kantin.

Sai daren ƙarshe, wanda aka rubuta mana "cin abinci a jirgin ruwa kan Kogin Nilu". Allah ya sa na tambayi jagoran abin da ake yi a ciki, ya yi murmushi ya ce akwai rawar mata, irin wadda ba za ka so kallo da 'yarka a gefe ba. Muka fasa, ya samo mana ƙaramin kwalekwale mai tafiya da iska, muka zaga kafin Magariba a kan kuɗi kaɗan. Da muka dawo Abuja na je ofishinsu kan kuɗin wancan daren. Manajan ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, an riga an biya can." Na ce to aƙalla su rubuta a takardar tallarsu abin da ke cikin jirgin, su kuma riƙa tambayar iyaye yadda za a raba ɗakuna. Ya ce za su duba. Maƙwabcina zai kai nasa yaran hutun Disamba ta hannunsu, na ce masa ya karɓi jadawalin a rubuce, ya soke shagunan da hannunsa kafin ya biya ko kobo.