Conner Prairie: inda yara ke koyon tarihin Amurka da hannunsu

Na raka ajin 'yata zuwa Conner Prairie da ke garin Fishers a jihar Indiyana, gidan tarihi na fili wanda aka kafa a gonar William Conner, ɗan kasuwar da ya gina gidansa na bulo a wurin a shekarar 1823. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙauyen Prairietown, inda ma'aikata suke sanye da tufafin shekarar 1836, suna kuma magana kamar a wannan zamanin suke raye, har idan yaro ya ambaci wayar salula sai su nuna ba su taɓa jin labarinta ba.

An raba yaran rukuni-rukuni, aka ba kowane rukuni aiki. 'Yata ta tsoma lagwani cikin narkakken kaki sau da yawa, tana jira ya daskare kafin ta sake tsomawa, kuma da kyandir ɗin ya fito a karkace ta riƙe shi kamar zinariya. A maƙera kuwa, ƙarar uwar maƙera da hucin zuga-zugi sun tuna mini da gida.

Na yaba ƙwarai da ba a ɓoye labarin ƙabilar Lenape ba, 'yan asalin Amurka waɗanda aka tilasta musu barin yankin bayan yarjejeniyar da aka ƙulla tsakaninsu da gwamnatin Amurka a 1818, domin tarihin baƙin da suka zauna a ƙasar bai cika ba sai da nasu. Wurin yana da faɗi sosai, don haka duk mai zuwa da yara ya tanadi ruwan sha da takalma masu daɗin tafiya.