Wata shida ko kilomita 10,000: abin da sabis ɗin garanti ya koya mini a kan tipata

A watan Fabrairu na ɗauko tipa sabuwa dal, mai taya goma, daga hannun wani dila. Aikinta a nan Gombe ɗaukar yashi ne da tsakuwa da jar ƙasa zuwa wuraren gini. Tare da makulli suka ba ni ɗan littafin garanti na wata 12, a shafin sabis kuma an rubuta cewa za a yi juyen baƙin mai duk kilomita 10,000 ko duk wata shida, wanda ya riga cika. Na karanta rabin farko na riƙe, rabin na biyu kuwa na ce wannan dabarar 'yan kasuwa ce ta sayar da mai.

Juyen farko a watan Maris aka yi, kyauta, kuma ba ni da abin cewa a kansa. Sun zo da mansu a rufe, 15W-40 mai lambar CI-4, suka canza filtar mai da ta gas, suka buga hatimi a littafi.

Daga nan damina ta shigo. Duk mai harkar yashi ya san yadda take: rafi ya cika, hanyar shiga ta zama taɓo, masu gini sun ja baya. A watan Agusta motar ta yi kusan mako uku ba a ko tayar da ita ba. Satumba ta zo, lokacin juye ya yi a lissafin wata, na duba mita na ga ko kilomita 4,000 ba mu ci ba. Na zaro geji na murza man a yatsa, da sauran danƙonsa. Direbana ya ce, "Alhaji, wannan man ai ko rabin aikinsa bai yi ba, zubar da shi asara ce." Injin yana shan sama da lita 20, ga kuɗin filtoci, ga kuɗin aiki. Na ce a bari.

A watan Nuwamba aka fara ganin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, mota kuma ta rage ja idan ta ɗauko lodi. Turbo ne, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya fara zubar da mai. Na kira dila hankalina kwance, tunda garanti bai ƙare ba. Injiniyansu da ya zo bai fara da buɗe inji ba, littafi ya nema. Ya ƙirga da yatsa daga Maris zuwa Nuwamba, wata takwas. Sannan ya hau mota ya danna wani maɓalli a dashbod, wanda ni ban taɓa sanin amfaninsa ba, sai ga awoyin da injin ya yi yana aiki tun juyen farko: 610. Kilomita kuwa 4,600.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "tirelar da ke ɗauko siminti daga Ashaka ta miƙi hanya, in tana tafiyar kilomita 50 a awa, cikin awa 200 ta cinye 10,000 ɗin nan. Naka injin ya yi ninki uku na wannan da mai ɗaya."

Nan jikina ya yi sanyi, don lissafin ba ya buƙatar gardama. Tipa rabin ranarta a tsaye take yi da inji a kunne. Tana layi a bakin rafi, tana jiran a gama loda mata da shebur, tana ɗaga bodi ta juye kaya, kuma injin ne ke tura man haidirolik ɗin da ke ɗaga bodin alhali taya ba ta motsa ba. Ga direba da ke barin ta a kunne ya tafi cin abinci don kada batir ya ba shi kunya. Mita ba ta ƙirga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuma injin gas idan yana aiki a tsaye ba ya ɗaukar zafi sosai, gas ɗin ba ya ƙonewa tas, sai baƙin toka ya yi yawa, ɗanyen gas kuma ya riƙa zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mai ya ƙaru a geji maimakon ya ragu, ka ɗauka abin arziki ne.

Zaman da motar ta yi a damina ma ba hutu ba ne ga man. Laima na taruwa a cikin inji, ta haɗu da sinadarin salfa da ke cikin gas, su zama asid. Akwai sinadaran da ake zuba wa baƙin mai don su kashe wannan asid ɗin, amma ƙarewa suke yi, kuma yatsa ba ya gane sun ƙare. Baƙin launi ma ba shaida ba ce: man injin gas kwana kaɗan yake yi ya koma baƙi ƙirin ko da sabo ne. Turbo kuwa, da yake gudunsa ya fi na komai a injin kuma a kan siririn mai yake juyawa, shi ke fara kuka.

To, a nan ne nake da ƙorafi a kan dilan. Ranar da na biya kuɗin mota an yi mini bayanin kujera da rediyo da na'urar sanyaya ɗaki, amma babu wanda ya ce mini, "Alhaji, tunda yashi za ta ɗauka, ka bi awa, kada ka bi kilomita." A can bayan littafin, da ƙananan haruffa cikin Turanci, akwai wurin da aka ce motar da ke aiki cikin ƙura ko yawan tsayuwa a rage mata tazarar sabis. Wa zai kai can? Kuma da wata shida ta cika, ko saƙon waya ba su turo ba, alhali lambata na hannunsu. Man nasu ya fi na kasuwa tsada, sannan sai ka jira ranar da motarsu ta sabis za ta biyo ta Gombe, wani lokaci kwana huɗu ko biyar. Ga mai tipa, kowace rana a tsaye kuɗi ne.

Mun yi ta ja-in-ja har mako biyu. A ƙarshe suka ba da turbo, ni na biya kuɗin aiki da mai da filtoci. Da sun tsaya a kan abin da ke rubuce, ko sisi ba za su ba ni ba, wannan kam na yarda. Abu ɗaya da ya taimake ni shi ne babu man kasuwa da ya taɓa shiga injin, kuma babu bakaniken waje da ya kwance ko noti ɗaya. Wani abokin sana'ata da ke aiki ta wajen Kumo yana yin juye a kan kari, har ya fi ni kula, amma a garejin unguwa yake yi ba rasit ba hatimi. Na gaya masa ranar da wani abu ya taso, bakinsa kawai zai kai musu.

In aka ce in auna sabis ɗin, aikin hannunsu mai kyau ne, kuma samun man da ka tabbata ba jabu ba ne ya kai a biya ƙarin kuɗi a kansa. Bayaninsu ga mai saye ne ba shi da kyau. Wanda motarsa ke zirga-zirgar Gombe zuwa Bauchi ko Yola kullum, kilomita za ta riga wata cika, ba ruwansa da wannan magana. Mai tipa, mai tankar ruwa, da mai motar da ke aiki lokacin kaka kawai ta kwana a gareji sauran shekara, su ne watanni ke kamawa.

Yanzu hunturu ya shigo, ƙura ta ko'ina, yaron mota na duba filtar iska duk safiya. Na sa an rubuta 250 da fenti a jikin ƙofar direba ta ciki, awoyin da ni da injiniyan muka tsayar ke nan tsakanin juye da juye. Garanti zai ƙare a Fabrairu, kuma na riga na ce su zo su yi juye na ƙarshe mako biyu kafin ranar, su duba injin gaba ɗaya tun yana wuyansu.