Kalandar zanen garin Argenteuil da na yi oda: ta yi, amma akwai gyara

Jama'a kalandar nan ta iso bayan kusan sati uku ina jira, kuma gaskiya da na buɗe raina ya ɗan ɓaci don gefe ɗaya ya lanƙwashe, a ambulan kawai suka zuba ta ba kwali ba komai. Sai da na danne ta ƙarƙashin katifa kwana biyu sannan ta miƙe.

Amma zanen kam masha Allah. Duka shafi 12 gari ɗaya ne, Argenteuil, tsohon gari a bakin kogin Seine kusa da Paris a Faransa, inda mai zanen nan Bafaranshe Claude Monet ya tare ƙarshen 1871 ya zauna har 1878. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wuri ɗaya kowa ya gan shi daban. Monet ruwa ne damuwarsa, kwale-kwale masu filafilai, inuwarsu tana rawa a ruwa, da gadar jirgin ƙasa wadda aka rusa a yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 aka sake ginawa, jirgi na wucewa a kai hayaƙi na tashi, in ka matso kusa sai ka ga ashe ruwan ba komai ba ne illa gajerun shafe-shafen burushi shuɗi da fari da ruwan ɗorawa, ka ja baya taku uku kuma ya koma kogi sak. Na yi ta matsowa ina ja baya har yarinyata ta ce Baba lafiya? Shi kuma Manet, wani mai zanen daban da ya zo a 1874, mutane ya sa a gaba, har Monet ɗin ya zana zaune cikin kwale-kwalen da ya mayar ɗakin aikinsa, can baya ga bututun masana'antu, wato garin ya riga ya fara cika da kamfanoni.

Takardar na da kauri, ba ta ƙyalli da yawa. Inda suka gaza shi ne shafin dusar ƙanƙara, farin ya fito kamar toka, kuma bayanin ƙasan kowane zane da Faransanci ne ƙanana ƙanana sai ka ƙura ido.

Wanda ba ya son rataye hoton mutum a ɗaki ya sani shafi biyu akwai mutane ɓaro-ɓaro, sauran kogi ne da gada. In za ku saya ku ce musu su sa a kwali, ko da ƙarin kuɗi ne.