Linux Mint a shagon gyaran kwamfuta na Maradi: abin da suka iya da inda ake samun cikas

Kusa da babbar kasuwar Maradi akwai wani shagon gyaran kwamfuta da samarinsa ke saka wa mutane Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows; kyauta ce, kuɗin aikin hannu kawai ake biya. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, aikin nan ya zo a kan gaɓa, musamman ga ɗalibai masu tsofaffin HP da Dell.

Aikinsu da tsari. Sukan fara kwashe fayiloli zuwa wani faifai, sannan su tayar da na'urar daga filashi mai giga 8, ta danna maɓallin F9 a HP, F12 a Dell. Kafin su goge komai sai sun gwada sauti, kyamara da wifi. Wannan ya cancanci yabo, domin katin wifi na Broadcom kan ƙi tashi sai an jona wayar salula ta USB don samun intanet, an sauko da direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki. Mai RAM giga 2 sukan ba shi nau'in Xfce, ga sauƙin nauyi.

Inda suka gaza shi ne bayani. Ba sa faɗa wa mutum cewa takardar Word mai teburori kan karkace a LibreOffice, manhajar da ke maye gurbin Word a Mint, ko cewa wasu firintocin Canon na ba da wahala. Allon rubutu mai tsarin Faransanci (AZERTY) ma sukan bar shi haka, sai ka roƙa su ƙara tsarin Hausa don ɓ, ɗ da ƙ.

Je da cajarka da cikakken batir. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sakawa, sai a koma farko.