Sharhi: hanyar ƙafa daga Stemnitsa zuwa Dimitsana a Girka

Hanyar Menalon mai tsawon kilomita 75 an raba ta kashi takwas, kuma kashi na farko, daga Stemnitsa zuwa Dimitsana, ya fi sauran daɗi. Kilomita 12.5 ne kacal, amma kada ƙanƙantar lissafin ta ruɗe ka. Ware masa awa biyar zuwa shida, domin Stemnitsa tana sama da mita 1,000, za ka gangara har cikin kwazazzabon kogin Lousios, sannan ka sake hawa zuwa Dimitsana da ke kusan mita 950.

Alamun hanya sun wadatar, da wuya mutum ya ɓata. Inda ake shan wahala shi ne gangara: duwatsun sun yi sumul saboda yawan taku, in an yi ruwa santsi suke kamar sabulu. Takalmi mai tauri da sandar dogarawa sun zama dole, haka ma ruwan sha aƙalla lita biyu. Hawan ƙarshe yana zuwa ne lokacin da gwiwa ta gaji rana kuma ta take, shi ya sa a watan Yuli da Agusta sai an yi sammako.

Gidan sufayen Kirista na Prodromou da ke kan hanyar shi ne abin kallo. An manna shi jikin dutse, barandunsa na katako suna reto a kan kwazazzabo. Sukan rufe ƙofa da tsakar rana, kuma ba a shiga da gajeren wando, don haka ka isa da hantsi. A ɗaya gefen kogin akwai tsohon gidan sufaye na Philosophou, wanda aka kafa a 963. Tsayawa can ta cancanci ƙarin rabin awa.

A Dimitsana kada ka wuce gidan tarihin injinan ruwa da ke ƙasan gari. Akwai injin niƙa da majema da wurin dakan albarushi, inda ruwa ke juya ƙafar injin, ita kuma ta ɗaga taɓare su faɗa cikin turame. Da irin wannan albarushin garin ya tallafa wa yaƙin neman 'yancin Girka na 1821. Ranar Talata gidan tarihin a rufe yake.

Sufuri ne babban aibin wurin. Motar haya daga garin Tripoli na Girka ba ta da yawa, kuma hanyar ba ta dawo da kai inda ka tashi, sai ka yi magana da mai tasi tun da daddare kafin ranar tafiya. Masaukan na dutse ne, da sanyi ko a bazara, titunan kuma matattakala ne, akwati mai taya ba ya tafiya.

Batun abinci, a yi tambaya: naman alade ya yawaita, zakaran da ake haɗawa da taliyar gida kuma galibi da giya ake dafa shi. Miyar wake da cuku da burodi sun wadatar.