Kamfanin neman zinari ko ƙaramin rami: amsa ga Alhajin Aboabo

Alhaji, ka ce kuɗin adashi ya shigo hannunka kuma tayi biyu ne a gabanka: hannun jari a kamfanin da ke neman zinari, ko haɗa kuɗi da masu ƙaramin ramin zinari a Manso, kusa da Kumasi a Ghana. Ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba.

Kamfanin nema bai da zinari tukuna. Abin da ya mallaka shi ne lasisin bincike, na shekara 3 da farko, da injin huda ƙasa mai fito da dutse dogo kamar karan rake, a jera a akwati a kai gwaji. Kuɗi yake ci, ba ya kawowa. Idan aljihu ya bushe sai ya sayar da sabon hannun jari, kasonka ya ƙara ƙanƙancewa kana zaune a shago. Yawancinsu ba sa kaiwa ga haƙa. Wanda ya dace ma sai ya sha jira: Atlantic Lithium, kamfanin neman ma'adinin lithium, ya sami izinin haƙa a Ewoyaa ta Ghana a 2023, amma 2024 ta ƙare majalisa ba ta amince ba. Amfanin irin wannan jari ɗaya, idan kamfanin yana kasuwar hannun jari ta Ankara, babban birnin Ghana, kana iya sayarwa ka fita.

Rami kuwa, kuɗinsa na zuwa da wuri, a wanke ƙasa a auna a raba. Sai dai gas da hayar injin tono suna cin rabonsu kafin kai, kuma damina na cika rami da ruwa. Babban abin shi ne takarda. Dokar ma'adinai ta 2006 ta keɓe lasisin ƙaramin rami ga ɗan Ghana, fili bai wuce eka 25 ba, na shekara 5. Babu shi, galamsey kake yi, wato haƙa ba bisa doka ba, ko da wane suna aka sa masa, kuma mun ga sojoji sun ƙona injuna a 2021. Mai takardar ma bai tsira ba: an dakatar da duk masu ƙaramin rami a 2017 har Disamban 2018.

Ni dai da ramin zan tafi, in har na je da ƙafata na ga filin, na kai lambar lasisin ofishin hukumar ma'adinai, Minerals Commission, sun tabbatar. Manso ba nisa daga Kumasi. Amma duk wanda ya yanka maka riba tsayayya kowane wata, ka tuna masa Menzgold, kamfanin zinarin da ya yi irin wannan alkawari aka dakatar da shi a 2018 kuɗin mutane ya maƙale, ka miƙe.

Ka tambaye su lambar lasisin tukuna, Alhaji, mu ji me za su ce.