Kevlar ko alminiyam? Ni dai kafaɗata ta riga ta yanke hukunci

Ɗan'uwa, ka tambaya wane kwalekwale za ka saya, na alminiyam ko na Kevlar, wato wani zare mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera jikin kwalekwale da shi. To, ɗauki na Kevlar. Tunda ka ce tafkuna za ku bi ku biyu, kwana biyar a daji, ba kogi mai duwatsu ba, to tsakanin kwalekwalen alminiyam da na Kevlar babu wani dogon lissafi. Duka biyun sun ratsa ta hannuna. Ɗaya yana rataye a inuwa yanzu haka ina lallaɓa shi kamar ƙwai, ɗayan kuwa ranar da na rabu da shi ko waiwaye ban yi ba.

A kan ruwa ba za ka ga wani babban bambanci ba, domin ruwa ba ya ƙorafin nauyi. Rigimar tana farawa ne a inda tafki ya ƙare, na gaba kuma yana can bayan tudu. Nan za ka sauke komai, ka kifa kwalekwalen a ka, ka bi 'yar siririyar hanya cikin saiwoyi da taɓo har ka sake cin karo da ruwa. Wannan dakon shi ne rabin tafiyar, kuma shi ne abin da sabon shiga ba ya sa wa a lissafi. Na alminiyam ɗina mai tsawon ƙafa 17 kilo 34 ne a kan sikeli. Na Kevlar, tsawonsu kusan ɗaya, kilo 19. A takarda sai ka ce ai kilo 15 ne kawai tsakaninsu. Bari ka yi mita 800 da shi a wuya kana hawa gangare, sauro na shan jininka ba hannun korarsa, sannan ka dawo mu yi maganar "kawai".

Kuma ba a wuya kaɗai nauyin yake tsayawa ba, har lokacinku yake ci. In kwalekwalen ya yi nauyin da ba za ka iya haɗa shi da jaka a baya ba, dole ku yi sawu biyu. Sawu biyu kuwa tafiya uku ce: ka kai, ka dawo hannu rabbana, ka sake kaiwa. Hanyar dako mai kilomita 1 ta zama 3 ke nan. Ka ɗauki taswirar inda za ku, ka tara tsawon duk hanyoyin dakon. In sun kai kilomita 8, da mai nauyi kilomita 24 za ku taka da ƙafa. Wannan lissafin shi ya kamata ya zaɓa maka kwalekwale, ba hoton da ke jikin talla ba.

Bari in ba ka labarin ranar da na san kuɗina ba su tafi a banza ba. A gandun Algonquin ne, a lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka kafa tun 1893, inda hanyoyin kwalekwale suka haura kilomita 2,000. A can kowace hanyar dako tana da allo ruwan ɗorawa da aka rubuta tsawonta da mita, wuraren kwana kuma allonsu ruwan lemo ne. Ni da ƙanena ne, kwana na uku, muka tashi tun gari bai gama wayewa ba, hazo kwance a kan ruwa kamar auduga. Muka iso bakin wata hanya da allonta ya nuna ta haura kilomita ɗaya. Shi ya goya babbar jaka, ya rungumi filafilai. Ni na goya ƙaramar, na kama kwalekwalen ta tsakiya, na ɗora shi a cinya, na juya shi sau ɗaya sai ga shi a kafaɗa, ba wanda ya kama mini. Abin da ba na mantawa shi ne hasken. Jikin Kevlar da ba a yi wa fenti ba yana barin rana ta ratsa shi, sai ka ji kamar kana tafiya a ƙarƙashin ƙoƙon zuma, har inuwar ganye kana gani tana wucewa ta saman kanka. Sawu ɗaya muka yi, sau ɗaya na huta, na jingina hancinsa a reshen bishiya na fito daga ƙarƙashi na miƙe baya. Da muka sake hawa ruwa, a wata kwana mai ciyayi muka tarar da ƙatuwar dabbar nan da suke kira mus, mai kama da gwanki amma ta fi shi girma nesa ba kusa ba, ta tsunduma kai cikin ruwa tana cin ganyen bado. Muka ɗaga filafili muka bar kwalekwalen yana silalewa da kansa. Ta ɗago, ruwa na zuba daga bakinta, ta dube mu, ta ci gaba da abin da ke gabanta. Da na alminiyam ne, filafili ɗaya ya goga a gefensa ya isa ya sanar da duk dajin cewa ga mu nan tafe.

Na alminiyam kuma, to, ba ya mutuwa. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Ka bar shi a waje shekara goma rana da ruwan sama su yi ta dukansa, ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Tarihinsa ma da ban dariya: kamfanin Grumman, masu ƙera jiragen yaƙi a Amurka, su suka yaɗa shi daga 1945, kuma a wancan lokacin shi ne marar nauyi idan an gwada da na katako da zane da ake fama da su. Zamani ya wuce shi, shi ke nan. Da sanyi yana daskarar da gwiwa, da rana yana ƙuna, in ya hau dutse ba ya zamewa, maƙalewa yake yi, in ya tsufa kuma ƙusoshin da aka haɗa shi da su su fara yoyo. Nawa ko suna babu a jikinsa, araha ce ta ja ni, araha kuwa ba ta ado.

Kada ka ji ana cewa da Kevlar ake yin rigar sulke ka ɗauka kwalekwalen ma ba ya jin duka. Zaren kansa, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, yana da wuyar tsinkewa in an ja shi, shi ya sa ake iya yin jiki siriri marar nauyi da shi. Amma gam ɗin da ya riƙe zaren yana tsagewa, kuma gurzar dutse da yashi tana cinye shi a hankali. Saboda haka sai ka sauya hali. Ba a tuƙo shi da gudu a caka hancinsa a gaɓa. Tun ruwa na iya ƙauri za ka sauka, ka sauke kaya yana kan ruwa, sannan ku ɗaga shi. Ƙafarka za ta jiƙe kullum, ka haƙura, ka tanadi takalmi ɗaya na ruwa, ɗaya busasshe na sansani. Rana ma maƙiyiyarsa ce, in ba tafiya ake ba a inuwa yake zama. Sannan rashin nauyin nan yana da nasa sharrin. Wani dare na kifa shi a bakin ruwa na ce ai ba inda za shi, iska ta taso cikin dare, da safe a cikin duhuwa na tsince shi da doguwar ƙarzuwa a ciki. Allah ya taimake ni ba tafkin ta jefa shi ba. Tun daga ranar, gaba da baya nake ɗaure shi a bishiya kafin ma in kafa tanti.

Inda kawai zan canza maka magana shi ne in ka koma bin koguna masu gudu da duwatsu. Can ba wurin Kevlar marar nauyi ba ne, ba kuma wurin alminiyam ba ne, tunda shi in ruwa ya naɗe shi a jikin dutse ya lanƙwashe ke nan. Na roba ake nema, irin Royalex da aka daina yi a 2014, ko T-Formex na kamfanin Esquif da ya maye gurbinsa. Amma ba tafiyarka ba ce wannan.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. In na hannu za ka saya, ka buɗe ido, domin kalmar Kevlar ta zama abin yaudara. Na taɓa yin doguwar tafiya don in ga wani da mai shi ya rantse mini kilo 20 ne. Na tarar da shi ya sha sabon fenti ciki da waje, sai ƙyalli yake. Na fito da ɗan sikelin rataye na auna jaka, na ɗaura igiya a tsakiya na ɗaga: kilo 27. Sai bakinsa ya fara rawa, wai ai fentin ne. Faiba ce zalla, wato zaren gilashi da ya fi Kevlar nauyi, wataƙila da ɗan ƙyallen Kevlar a hanci don a samu abin faɗa. Don haka ka tafi da sikelinka. Sabon fenti a cikin kwalekwale abin tuhuma ne, galibi faci ake ɓoyewa. Ka kifa shi ka bi ƙasansa da tafin hannu kana dannawa, inda ya lotsa ko ya yi ƙara kamar busasshen ganye, shimfiɗun sun rabu da juna. Ka sa mutum ya haska tocila ta waje kai kana duba ciki, faci da tsaga za su fito baƙi. Zaren Kevlar na gaskiya ruwan zinare ne, yana komawa ruwan zuma in ya sha rana, kuma inda ya gurje gashi-gashi yake yi, ba gari ba. In ka ga an rubuta aramid kada ka tsorata, sunan dangin zaren ke nan, Kevlar sunan kasuwa ne. A waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada akwai lamba mai harufa da alƙaluma 12 a ƙarshen baya ta hannun dama, biyun ƙarshe suna nuna shekarar samfurin. Wanda aka kankare masa lambar, ko mai shi ya ce ka turo kafin alƙalami tun ba ka gan shi ba, ka kama gabanka.

Duk wanda ka saya, ka duba karkiyarsa, wato sandar tsakiya da ke zama a kafaɗa. In miƙaƙƙiya ce ba lanƙwasar wuya, ka sauya ta, ka sa mata matasai biyu. Kilo 19 a kan mummunar karkiya ya fi kilo 25 a kan mai kyau azaba. Kuma kada ka kashe duk kuɗin a kan kwalekwale ka zo kana ƙoro a kan rigar hana nutsewa. Ita ma akwai jabu, ka nemi mai tambarin amincewar hukuma a ciki, ka gwada ta a jikinka, ka kuma sa ta, ba ka zauna a kanta ba. A watan Mayu a waɗancan tafkunan ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba, ruwan yana kashe hannu cikin 'yan mintoci ko da ka iya iyo.

Kaya kuwa, jaka biyu manya da ba sa shan ruwa sun fi ƙananan ƙunshi goma, domin a bakin kowace hanyar dako ƙananan nan ne ke ɓata lokaci, su ne kuma ake mantawa. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa a tsakiya. Filafili na uku a ɗaure a gefe, taswirar takarda cikin leda da kamfas, tunda waya ba ta samun sabis a mafi yawan wuraren, sai tamfol, igiya, da salatif mai ƙarfi don like tsaga kafin a dawo gida. Abinci a rufe shi ruf a nisanta shi da tanti saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji da ke bin ƙanshin abinci. Ka duba dokar wurin tun da wuri: a Algonquin da gandun Boundary Waters na jihar Minesota a Amurka duk an hana shiga da abinci na gwangwani da kwalba, a Boundary Waters kuma ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba izinin kwana a ƙididdige yake. Taswirar Boundary Waters ma ba da mita take auna dako ba, da wani ma'auni ne da ake kira rod, ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon kwalekwale ɗaya, 320 ne mil guda. Na san wanda ya ga 200 ya ɗauka mita ne, ashe kilomita guda ke jiransa.

Kwalekwale da kaya a ruwa mai kwanciya yana cin kamar kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma kada ka tsara kwanakinku a kan haka. Iska takan taso ne bayan rana ta take, babban tafki irin Opeongo na Algonquin kuma yana iya zaunar da ku wuni guda a gaɓa. Ku riƙa tashi da sassafe, ka bar kwana ɗaya fanko a cikin biyar ɗin, ka kuma bar wa wani a gida hanyar da za ku bi da ranar fitowarku a rubuce.

In kuɗin Kevlar bai kama ba a bana, kada ka sayi alminiyam don kawai a ce kana da naka. Masu ba da haya a bakin irin waɗannan gandun suna da na Kevlar, ka karɓi mai ƙafa 16 ko 17 ka yi wannan tafiyar da shi. In kuma ka samu na hannu da ya kwanta maka, turo hoton ƙasansa da na lambar nan da abin da sikeli ya nuna kafin ka biya, mu duba tare.